Yadda za ku bi har inshora ta biya kuɗin na'urar ji ta yaranku a Amurka

Assalamu alaikum iyaye 'yan uwana mazauna Amurka, musamman waɗanda aka faɗa musu a asibiti cewa jaririnsu bai ci gwajin kunne ba, ko waɗanda likita ya riga ya tabbatar musu yaro yanada matsalar ji kuma sai an saka masa na'ura. Na farko dai Allah ya baku haƙuri ya kuma sa albarka a rayuwar yaron. Abun ba baƙo bane, a cikin jarirai 1,000 da ake haihuwa a ƙasar nan ana samun kamar 2 zuwa 3 da matsalar ji, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 iyayensu lafiya lau suke ji, don haka a daina neman wanda za a ɗora wa laifi tsakanin dangin uwa da dangin uba.

Na'urar nan tsada gareta. Ta kunne biyu tana iya kaiwa dala 6,000 idan aka haɗa da kuɗin saitawa da komawa wurin likita, kuma ba siya ɗaya bane shikenan, bayan 'yan shekaru sai an canza. Toh wa zai biya? Amsar bata rataya da sunan kamfanin dake jikin katinku ba, ta rataya ne da irin inshorar da kuke da ita, kuma nan ne mutane da yawa suke ɓata watanni suna kiran waya suna faɗa da wanda ba shi keda wuƙa da nama ba.

Amma kafin maganar kuɗi ku riƙe lissafin nan: 1, 3, 6. A gwada kunnen jariri kafin ya cika wata 1, idan bai ci ba a tabbatar da matsalar kafin wata 3, sannan a fara taimaka masa kafin wata 6. Tsarin da duk jihohi ke bi kenan, saboda ƙwaƙwalwar yaro a watannin farkon nan take koyon sauti da magana, abunda ya wuce shi a lokacin da wahala ake cike gurbinsa. Na san halinmu, za a ce ai ruwa ne a kunnen, ko a ce babansa ma sai da ya shekara uku yayi magana, a bari ya girma. Eh wani lokacin ruwan ne da gaske, amma ba mu zamu yanke wannan hukuncin a falo ba, ku koma a yi gwajin da ake kira ABR, ana manna wa jariri 'yan wayoyi a kai yana barci, babu zafi babu allura. Idan kuka yi jinkiri har ya yi wayo baya kwanciya shiru sai an bashi maganin barci kafin a yi, kun ga an ƙara wahala an ƙara kuɗi.

Wanda kuma aka haifa a gida, Kano ko Maraɗi ko Kumasi, daga baya aka kawo shi nan, dan Allah ku nemi a gwada shi ko da kuna ganin yana ji, don yawancin asibitocinmu basa wannan gwajin ranar haihuwa, ga sanƙarau da ƙyanda da shawara mai tsanani ta jarirai duk suna taɓa ji.

Matakin farko: ku gano wace irin inshora ce

Kusan kowa yana cikin ɗayan ukun nan. Ko yaron yana kan Medicaid ko CHIP na gwamnati, ko inshorar wurin aikin baba ko mama, ko wadda kuka siya da kanku a kasuwar da mutane ke ce wa Obamacare, kamar masu tuƙin Uber da masu shago.

Idan Medicaid ce ku gode wa Allah, ku ne kuka fi kowa sauƙi a wannan maganar, abun mamaki har kun fi mai babban albashi. Akwai dokar tarayya da ake kira EPSDT tun 1967 wadda ta wajabta wa kowace jiha ta biya duk abunda likita ya ce yaro ɗan ƙasa da shekara 21 yana buƙata don lafiyarsa, kuma an ambaci na'urar ji a ciki ƙarara. Ba na'urar kaɗai ba, har gwaji, da robar da ake zubawa daidai kunnen yaro, da batir, da gyara. Ko jihar bata biya wa manya, na yara dole ne. Matsalar Medicaid ɗaya ce, ba kowane likitan ji ne yake karɓarta ba saboda kuɗin da take biyansu kaɗan ne, shi yasa gara ku fara da babban asibitin yara ko asibitin jami'a na kusa daku, su kusan kullum suna karɓa. CHIP kuma ya ɗan bambanta daga jiha zuwa jiha, a wasu wuraren daidai yake da Medicaid, a wasu yana da nasa iyaka, sai ku kira lambar dake bayan kati.

Uwar da take kan Medicaid ranar da ta haihu, jaririnta ya shiga kai tsaye har shekara ɗaya. Masu inshorar wurin aiki kuma ku kula, yawanci kwana 30 kacal ake bayarwa a saka sunan jariri bayan haihuwa, ta kasuwa kwana 60. Hidimar suna da baƙi da yanka rago kar ta sa a manta, wlh wannan mantuwar tana da tsada.

Inshorar wurin aiki, inda rikicin yake

A nan zan daɗe don nan ne ake shan kashi. Babu dokar tarayya da ta tilasta wa inshora mai zaman kanta ta biya na'urar ji ta yara. Jihohi ne suke yin nasu dokar ɗaya bayan ɗaya, yanzu sun haura 25, kuma kowace da nata sharaɗin. North Carolina, inda 'yan uwanmu na Nijar suke da yawa a Greensboro, dokarta ta ce har dala 2,500 kowane kunne duk wata 36 ga wanda bai kai shekara 22 ba. Georgia dala 3,000 kowane kunne duk wata 48 zuwa shekara 18. Texas tun 2017 ta ce na'ura ɗaya kowane kunne duk shekara 3 ga ɗan shekara 18 zuwa ƙasa, ta kuma haɗa da wadda ake dasawa ta tiyata. Massachusetts dala 2,000 kowane kunne duk wata 36 har shekara 21. Maryland tata ta fara ne da dala 1,400 duk wata 36. New Jersey ta yi Grace's Law a 2008, dala 1,000 duk wata 24, daga baya aka faɗaɗa ta a 2024. Ohio sai a 2025 ta shigo da Madeline's Law, dala 2,500 duk wata 48. California kuwa duk girmanta ta daɗe bata da irin wannan dokar, gwamna Newsom ya ƙi sa hannu a kan ƙudurin a 2023, sai dai jihar tana da wani shiri nata mai suna HACCP tun 2021 da yake biya wa yaran da inshorarsu bata biya. Lambobin nan majalisun jihohi suna taɓa su lokaci lokaci, don haka ku duba shafin hukumar inshora ta jiharku ku ga na yau.

Toh sai mutum ya karanta wannan ya ce alhamdulillah ina Houston, doka ta rufe ni. Tsaya tukuna Alhaji. Akwai wata tsohuwar dokar tarayya ta 1974, ERISA, wadda ta sa dokokin jiha basa hawa kan kamfanin da yake biyan kuɗin asibitin ma'aikatansa daga aljihunsa. Manyan kamfanoni da yawa haka suke yi, su ke biya, sai su ɗauki Aetna ko Cigna ko UnitedHealthcare ko Blue Cross haya su riƙa yi musu aikin takardu kawai. Katin da ke hannunka zai nuna sunan Cigna ɓaro ɓaro amma kuɗin ba na Cigna bane, na kamfanin da kake wa aiki ne, kuma fiye da rabin ma'aikatan da ke da inshorar wurin aiki a Amurka irin wannan suke da ita ba tare da sun sani ba. Kamar ɗan kamasho ne a tasha, shi kake gani shi ke karɓar kuɗi amma motar ba tashi bace.

Saboda haka tambayar farko ba kamfanin inshora za ku yi wa ba, ofishin ma'aikata na wurin aiki za ku je, wato HR, ku ce musu: inshorar nan "self-funded" ce ko "fully insured"? Ku rubuta kalmomin a takarda ku nuna in bakin bazai kama ba. In suka ce "fully insured" ce, wato kamfanin inshorar ne ke biya da kuɗinsa, dokar jiha tana aiki, sai tambaya ta gaba: a wace jiha aka yi yarjejeniyar? Don yawanci dokar jihar da aka rubuta inshorar ake bi ba inda kake kwana ba, kana iya zama a Atlanta amma hedikwatar kamfaninku tana wata jihar da bata da dokar.

In kuma suka ce "self-funded" ce, wato wurin aikin ne ke biya daga aljihunsa, ba ƙarshen magana bane. Wasu kamfanonin sun saka na'urar ji da kansu ba tare da an tilasta musu ba. Waɗanda basu saka ba kuma, tunda kuɗinsu ne, su ke da ikon cewa a biya, ba sai sun nemi izinin kowa ba. Ku rubuta wa HR wasiƙa, ku haɗa da takardar likita da sakamakon gwaji, ku nuna musu cewa dokar jihar ta wajabta wa sauran inshora, ku roƙa a yi muku alfarma ko a saka shi a tsarin shekara mai zuwa. Mu muna da kunyar roƙo a wurin aiki, gani muke kamar zubar da mutunci ne, su kuwa a wurinsu wannan takarda ce kawai cikin takardu. Kuma idan mata da miji duka suna aiki, a duba ta kowa, wani lokacin ta Hajiya da take aikin jinya ko ta makaranta ta fi ta maigida, sai a mayar da yaron can idan lokacin sabunta rajista ya zo.

Masu ta kasuwa kuma, abunda ke ciki ya danganta da jerin abubuwan da jiharku ta ce dole kowace inshora ta ƙunsa. New York misali ta saka na'urar ji a nata jerin, siya ɗaya duk shekara 3. Wasu jihohin babu. Kafin ku zaɓi inshora a ƙarshen shekara ku buɗe 'yar takardar taƙaitawa da ake kira SBC, wajen ƙarshenta akwai akwati biyu, ɗaya na abubuwan da basa biya ɗaya na ƙarin abubuwan da suke biya, na'urar ji dole tana cikin ɗaya daga ciki. Minti biyu ya isa ku gani.

Kiran waya

Ku samu littafi guda na wannan maganar kaɗai. Duk kiran da kuka yi ku rubuta rana, sunan wanda ya ɗauka, da lambar shaidar kiran, ku tambaya za su baku. Kafin ku kira ku karɓi lambobin kaya daga wurin likitan ji, don ma'aikacin inshora da lamba yake bincike a kwamfuta ba da labari ba. Na'urar bayan kunne ta kunne biyu V5261 ce, ta kunne ɗaya V5257, robar kunne V5264, batir V5266. Sai ku tambaya ɗaya bayan ɗaya: ana biyan wannan ga yaro mai shekara kaza? nawa ne iyaka, kuma na kunne ɗaya ne ko na biyun a haɗe? duk shekara nawa ake sabuntawa? sai an nemi izininku kafin a siya? wane likitan ji ne a cikin layinku, wato jerin likitocin da kuka yi yarjejeniya da su, kusa da mu, kuma yana duba jarirai? Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci, don wani lokacin za su turo ku shagon da tsofaffi ke siyan na'ura a cikin kasuwa, mutanen da basu taɓa saita ta wa ɗan wata huɗu ba. Idan babu mai duba yara a layinsu kusa daku kuna da damar neman su amince ku je na waje a farashin na ciki, sai dai ku samu amincewar a rubuce kafin ku je.

Sannan maganar didoktabul, wato kuɗin da sai kun fara kashewa daga aljihu a shekara kafin inshora ta fara saka hannu. Ko doka ta ce a biya, wannan yana nan daram. In naku dala 4,000 ne kuma baku kashe komai ba a shekarar, kusan ku za ku biya na'urar. Dabara a nan ita ce shekarar haihuwa yawanci kuɗin asibitin haihuwa ya riga ya cinye wani kaso babba, don haka in an gano matsalar a watan Oktoba ku yi ƙoƙari a gama komai kafin 31 ga Disamba, kar a shiga Janairu lissafi ya koma sifili. Masu asusun ajiyar kuɗin magani na HSA ko FSA a wurin aiki za su iya biyan na'ura da batir da shi ba haraji.

Robar kunnen nan kar ku raina ta. Kunnen jariri girma yake kamar me, a shekarar farko sai a canza ta sau da yawa, da ta yi masa sako sako za ku ji na'urar tana fito tana ƙara. Ku tambaya ko ana lissafa ta cikin iyakar kuɗin na'ura ko daban take, da sau nawa ake bayarwa a shekara.

Wanda Turanci ke masa nauyi, asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya wajibi ne ya samo muku tafinta kyauta, kuma akwai masu Hausa ta waya. Ku nema, kar a ɗora wa yayan yaron ɗan shekara goma fassarar maganar inshora.

Idan suka ce a'a

Sau da yawa amsar farko a'a ce, wani lokacin don an saka lamba ba daidai ba ne kawai ko an manta wata takarda. Ku ce a turo muku dalilin a rubuce. In dalilin shine wai ba dole bace a likitance, wannan ana cin nasara a kansa, likitan ji da likitan kunne da hanci su rubuta wasiƙa su bayyana matakin rashin jin da abunda zai faru da maganar yaro in ba a saka ba. Kuna da kwana 180 daga ranar da aka ƙi ku ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin, su kuma dole su amsa cikin kwana 30 idan ba a riga an siya ba, kwana 60 idan an siya. In suka sake ƙi sai ku nemi a kai wa masu duba na waje waɗanda ba ma'aikatansu ba, kuna da wata 4 na yin hakan, kuma hukuncin da suka yanke dole kamfani ya bi. In inshorar irin wadda dokar jiha ta hau ce kuma suka yi kunnen uwar shegu, ku kai ƙorafi hukumar inshora ta jiha, kyauta ne, kuma kamfanoni basa son ganin wasiƙar hukumar nan. Masu Medicaid su nasu sunansa "fair hearing", ranar ƙarshe tana jikin takardar ƙin, ku karanta ta ranar da ta zo.

Amma in dalilin shine tsarin naku kwata kwata ya cire na'urar ji kuma babu dokar da ta hau kansa, gaskiya ɗaukaka ƙara da wuya ya canza komai, gara ku juya wurin HR da sauran ƙofofi.

Duk wannan jelen yana cin watanni, yaro kuma bazai zauna ba ji yana jiran takarda ba. Ranar da aka tabbatar da matsalar ku tambayi likitan ji ko akwai na'urar aro, jihohi da yawa da asibitocin yara suna da rumbun da suke bayar da aro na wasu watanni. Ku kuma ce a tura sunanku shirin taimakon farko na jiha, wanda ke ƙarƙashin sashen C na dokar IDEA, na yara daga haihuwa zuwa shekara 3. Duba yaron a shirin kyauta ne, za a haɗa ku da mai bibiyar lamarinku, ana zuwa har gida a koya muku yadda za ku riƙa yi masa magana da wasa, wasu jihohin ma suna taimakawa da kuɗin na'urar in babu wani mai biya. Za su kuma yi muku maganar yaren hannu na kurame, ASL, kar ku ɗauka kamar an yanke ƙauna ne, yara da yawa suna haɗa biyun. Hausa kuma ku ci gaba da yi masa abunku a gida.

Wasu ƙofofin: ko albashinku ya fi ƙarfin Medicaid ku gwada nema wa yaron, don iyakar kuɗin shiga ta yara ta fi ta manya nisa, kuma Medicaid tana iya zama ta biyu ta biya abunda ta wurin aiki ta bari. A Pennsylvania ma yaro mai lalura yana iya samu ba tare da an lissafa albashin iyaye ba. Yaron da aka haifa a nan ana duba cancantarsa ne da takardunsa ba da na iyaye ba, amma wanda yake tsakiyar neman katin zama ya tambayi lauyansa na shige da fice tukuna don hankalinsa ya kwanta. Akwai kuma ƙungiyoyi masu tallafi irin su Lions Club, da Miracle-Ear Foundation, da UnitedHealthcare Children's Foundation, sai Hands & Voices wadda iyaye ke jagoranta, su suka fi kowa sanin lungunan jiharku don sun bi hanyar kafin ku.

Abu ɗaya da zan roƙe ku kar ku yi: siyan na'urar kanti. Tun Oktoba 2022 hukumar FDA ta yarda a sayar da wasu ba takardar likita, za ku gansu a Walmart da Amazon da araha, amma na 'yan shekara 18 zuwa sama ne masu ƙaramar matsala ko matsakaiciya. Ta yaro sai an auna ramin kunnensa an saita ta daidai da sakamakon gwajinsa, in ƙarar ta yi yawa tana iya lalata ɗan jin da ya rage. Haka ta kaka da ta rasu ko wadda wani ya aiko daga Dubai. Na yara irin su Phonak Sky da Oticon Play suna da makulli a ƙofar batir, don ƙaramin batirin nan in yaro ya haɗiye asibiti ne a guje ba jira.

Bayan an saka, ku tambayi garanti: shekara nawa ne, kuma in ta ɓace ana maye ta? Yawanci sau ɗaya ake mayewa a tsawon garantin, yara kuwa cirewa suke su jefar, a mota, a masallaci, a cikin kwanon tuwo, don haka ku karɓi igiyar da ake maƙalawa a bayan riga tun ranar farko. Ku rubuta ranar da aka siya a littafin nan naku, daga ita ake ƙirga wata 36 ko 48 na sabuntawa. Idan ya kusa shekara 3 kuma lamarin yana komawa hannun makarantun gundumarku, a nan za a zauna a rubuta masa tsarin karatu na musamman da ake kira IEP, ku tabbatar an rubuta makirfon ɗin da malama ke ratayawa wanda ke kai muryarta kai tsaye cikin na'urarsa, wannan makaranta ce ke siya ba ku ba, haka ma duba na'urar a aji a tabbatar tana aiki. Ku fara tuntuɓarsu tun yana shekara 2 da rabi don kar ranar ta zo ba a shirya komai ba.